Ɗiban Wuta a Gidan Jatau

Shekarar da ƙungiyar 'yan garinmu mazauna kudu ta yanke shawarar buga ɗan littafin tarihin gari, ni aka ɗora wa rubutun. Ba don na fi kowa sani ba. Shugaban ƙungiya cewa ya yi, "Kai ne mai digiri, kuma a gaban Iya Mai Banda ka tashi. Duk abin da ta sani yana kanka." Na ce zan gwada. Na daɗe ina juya maganar, domin abin da ke kaina ba irin wanda ake bugawa a raba wa manyan baƙi ba ne, kuma ban san ko ina da zuciyar rubuta shi yadda na ji shi ba.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Ƙaramar tunga ce ta masunta a bakin Kwara, can sama, wadda ta girma ta zama gari. Sau uku kawai na taɓa zuwa. Sunan wanda ya kafa ta take ɗauke da shi, saboda haka a nan zan kira shi Jatau, ko da yake ba sunansa ba ne.

Iya Mai Banda kakata ce, mahaifiyar babana. Mu Kaka muke ce mata. A Anacha muka tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna tara a bayan unguwar Hausawa, inda in ka hau kan tankin ruwa za ka hango kogi. Mai gidan Ibo ne, amma yawancin 'yan hayar mutanen garinmu ne, wani ya jawo wani. Sana'ar Kaka bandar kifi. Da safe ta sauka bakin ruwa ta sayo tarwaɗa, da rana ta wanke ta lanƙwasa ta soke da tsinke, da an yi magariba ta jera a kan ragar da ta ɗora bisa rabin duro a tsakar gida. Washegari a kai kasuwar Ochanja. Tsakanin magariba da isha'i aikinmu ne mu yara mu zauna muna juya kifin, ladanmu kuwa labari, da kan tarwaɗar da ya ɓalle.

Har yau ban ci abin da ya kai wannan kan kifin daɗi ba. Takan zaɓo mini mai tsoka ta tura mini a ɓoye da bakin tsinke. "Maigidana, matso kusa," in ji ta. "Kai dai da tsoro. Ko hayaƙi ya juyo wajenka sai ka yi salati." Gaskiyarta. Ni yaro ne mai duba ƙofa sau biyu, mai tambayar ko an kashe fitila bayan na ga an kashe. Tana yi mini dariya, amma ranar da zazzaɓi ya kama ni a cinyarta nake kwana. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada a ɗauka ban ƙaunace ta ba.

A ɗakin ƙarshe, kusa da makewayi, akwai wata mata mai suna Kande da 'yarta Talatu, wadda ta girme ni da kamar shekara biyu. Mijin Kande yaron babbar mota ne, yakan yi wata guda a hanyar arewa. Su ma 'yan garinmu ne, amma akwai abin da ya bambanta su da mu. Ba sa kunna wuta. Kullum da asuba Talatu za ta zo ƙofar Kaka da tsingaro a hannu, ta durƙusa ta ce, "Baƙi sun zo ɗiban wuta." Kaka ta tone toka ta zuba mata garwashi biyu ko uku. Ashana tana nan a kowane shago, akwai risho a ɗakinsu, amma ko rishon da wannan garwashin ake kunna shi. Ban taɓa ganin abin a matsayin abin mamaki ba. Na ɗauka kamar gaisuwa ce.

Dalilin yana cikin labari ɗaya da Kaka ke yawan maimaitawa, musamman in damina ta yi nisa. In tatsuniyar kura ce ko ta zomo, takan ja mu da wasa mu amsa. Wannan kuwa sai ta buga tsinke a gefen duro ta ce, "Ku rufe bakinku. Yau ba ƙarya zan yi muku ba."

Ta ce a da, masu bin ruwa suna da doka ɗaya da kowa ya sani. Duk tudun da ka isa ka tarar da hayaƙi, mai wutar nan shi ne mai wurin. In ka ɗebi wuta a murhunsa ka zama baƙonsa, kai da 'ya'yanka da jikokinka, kifin farko nasa ne, magana ta ƙarshe tasa ce. Jatau ya taso daga sama yana nema wa danginsa wurin zama, su kuma suna biye da shi da kwalekwale bakwai, kwana uku tsakaninsu. Ruwa ya kife da shi a wata kwana. Ya rasa tarunsa, ya rasa ƙyastunsa na kunna wuta, ya fito gaɓa da ƙyar. Da ya ɗaga kai sai ya ga tudu mai kyau, ƙasa baƙa, ruwa mai zurfi a gindinsa, irin wurin da masunci ke mafarki. Sai dai akwai hayaƙi.

Wata mata ce da 'yarta, su biyu. Mijinta ya mutu, ƙyastunsa ya bi shi cikin ruwa, wutar da ya bari ita take rainonta shekara da shekaru ba ta bari ta mutu ba. Ta ja Jatau bakin murhu, ta shanya masa riga, ta gasa masa kifi. Da ya ce zai kafa bukka a saman tudun, ita da kanta ta zuba masa garwashi a kasko.

"To kun ga ya shiga uku," in ji Kaka, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Jirage bakwai na tafe, maza da mata da yara, duk za su zama baƙin tsohuwa mai zane ɗaya. In kai ne, maigidana, me za ka yi? Kuka, na sani."

Ranar da jiragen za su iso, matar ta tafi duba gurarta ta kamun kifi a ƙasan ruwa da 'yarta. Jatau ya ɗauki ƙwaryar kwarfe jirgi, ya cika, ya juye a murhunta. Ya sake cikawa ya juye. Ya kwashe tokar da duwatsun ya watsa a kogi, sannan Allah ya taimake shi aka yi yayyafi. Da danginsa suka shawo kwana, hayaƙi ɗaya suka gani. Matar ta dawo tana ihu tana cewa wurinta ne, ita ta ba shi wuta. Jatau bai ɗaga murya ba. A gaban kowa ya ce, "Ina wutarki?"

A nan Kaka takan tsaya ta yi dariya har sai ta share ido da gefen mayafi. Mu ma mu yi. "Ina wutarki?" Mukan yi ta maimaitawa.

Ya ce mata ta zo ta ɗiba kamar kowane baƙo. Ta ƙi. Kwana tara ita da 'yarta suna cin ɗanyen kifi cikin ruwan sama, ƙanshin gashi yana sauko musu daga kan tudu. A rana ta tara uwar ta mutu. Yarinyar ta tsinci tsingaro, ta hau tudun, ta durƙusa ta ce baƙi sun zo ɗiban wuta. Jatau ya ba ta, ya kuma aurar da ita da ta girma, amma ya ce daga ita har zuriyarta ba mai kunna tasa, kuma ba mai ɗiba sai a gidansa. Ranar da suka kunna, wutar nan sai ta cinye gidan da aka kunna ta da duk wanda ke ciki.

"Kun ji yadda aka yi gari," Kaka takan rufe. "Kirki yana ciyar da baƙo kwana ɗaya. Wayo shi ke haifar gari. Mu jikokin mai ƙwarya ne, ku riƙe."

Duk lokacin da ake wannan labarin Talatu, wadda daga zuriyar yarinyar nan ta fito, tana zaune tare da mu, tana juya nata layin kifin. Ban tuna ta taɓa yin dariya ba, ban kuma tuna ta taɓa tashi ba. Wataƙila ta tashi wani lokacin ni ne ban lura ba.

Abin da ya faru ya faru ne ina ɗan shekara tara ko goma. Ni na jawo shi, da tambaya. Wani maraice Kaka ta kai wurin ɗanyen kifi, sai abin ya tsaya mini a rai kamar yadda abubuwa ke tsaya mini. Na ce, "Kaka, me ya hana ta shiga jirginta ta haye ta samo wuta a wani wuri?"

"Ruwa ya cika, wawa. Damina ce."

Kande tana wucewa da bokiti, cikinta ya tsufa, tana takawa da ƙyar. Ta tsaya. Ban taɓa jin ta sa baki a hirarmu ba sai ranar. Ta ce, "Iya, jirginta aka kwance aka sake wa ruwa. Tunda ba ƙarya za ki yi musu ba, ki faɗa musu duka."

Man kifi yana ɗiga a wuta. Kaka ba ta dube ta ba. Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu, ta ce, "Ashe baƙi sun fara koya wa masu gida labarin gidansu."

Washegari da asuba Talatu ta zo da tsingaronta. Kaka ta ce wutar ba ta tashi ba. Ga hayaƙi yana fitowa ta ƙasan toka, kowa yana gani. Washegari ma haka. Suka koma jiƙa gari da sayen abinci a bakin titi. Matar mai gidan, Mama Chinedu, da ta gane abin da ake ciki ta riƙe baki. Ta miƙa wa Kande ashana ta ce, "Wetin be dis one? No be fire? Take am!" Kande ta ɓoye hannayenta a bayanta kamar an miƙo mata kunama. Na ga wannan da idona. Ita da ta iya tsayawa ta gyara wa Kaka labari, ba ta iya taɓa kwalin ashana ba.

Babana ya ce camfi ne, Musulunci bai san da shi ba. A ɗaki ya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, mahaifiyata kawai ta ji sai ni da ke bakin ƙofa. Da safe ya durƙusa ya gaida Kaka ya tafi kasuwa.

Cikin wannan halin Kande ta haihu, namiji, mijinta yana hanya. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da mai jego ke bukata: babbar tukunya ta tafasasshen ruwa safe da yamma, da kunun kanwa mai zafi, da ɗaki mai ɗumi. Ga damina, ga ɗakinsu da bango ke tsattsafo da ruwa. Mama Chinedu ta kawo bokitin ruwan zafi sau biyu, amma ita ma tun duhu take fita kasuwa. Matan gidan kowacce ta leƙa ta yi barka ta fito. Dukansu ko dai jikokin Jatau ne ko matan jikokinsa, kuma ba mai son Kaka ta ga ta ratsa tsakar gida da tukunya.

Kwana uku da haihuwar, na tashi da sassafe zan zaga makewayi. A lungun da ke bayansa na tarar da Talatu a tsugune. Ta haɗa duwatsu uku, ta ɗora tukunya, tana ƙyasta ashana. Ta farko ta karye, ta biyu ta mutu, ta uku ta kama. Ta ɗago ta gan ni.

"Haruna," ta ce, "don Allah."

Na juya na bar ta. Na tafi makaranta, amma ban ji ko kalma ɗaya da aka koyar ba. Duk motar da ta wuce da jiniya sai in ɗauka gidanmu ta nufa. Ina ganin gidanmu yana ci, ƙanwata tana ciki, Kaka tana ciki, kuma ni kaɗai na sani. Na yi ta lissafi da kaina: in na faɗa za a yi wa Talatu faɗa, in ban faɗa ba mutane za su mutu. A ganina na lokacin lissafin ba shi da wuya. Da aka tashi na dawo a guje, na tarar da gida lafiya lau. Wannan ya kamata ya ishe ni. Sai na ce a raina ai za ta sake kunnawa da yamma.

Na sami Kaka tana wanke kifi. Na raɗa mata a kunne.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta gama wankinta, ta jira la'asar, lokacin da mata ke tsakar gida kuma hayaƙi ya fara tasowa daga lungun. Sannan ta ɗauki bahon ruwan kifin, da jininsa da ɓawonsa, ta ce mu biyo ta. Muka bi ta, yara da manya. Ruwan tukunyar ya fara motsi, ya kusa tafasa. Talatu ta miƙe ta tsaya a gabansa ta buɗe hannuwa. Kaka ta ture ta da kafaɗa, ta tuntsurar da tukunyar da ƙafa, ta juye bahon a kan wutar.

Ta dubi yarinyar, 'yar shekara goma sha biyu, ta ce, "Ina wutarku?"

Yara suka fashe da dariya, domin mun san wurin nan a labari, mun san nan ake dariya. Na sha gaya wa kaina cewa ban yi ba. Ina jin na yi.

Kaka ta ce in suna son wuta, mai bakin ta zo da kanta. Kande ta yi kwana biyu ba ta zo ba, tana wanka da ruwan sanyi. A rana ta biyar da haihuwa ta fito tana dafa bango, ana yayyafi, ta durƙusa a kan siminti da tsingaro. Ta faɗi kalmomin. Kaka ta ce kunnenta ya tsufa. Ta sake faɗa. Sai a na uku aka tone toka.

Jaririn ya rasu a daren kwana na shida, ana gobe suna. A nan ina so in yi taka-tsantsan. An ce a asibiti sun ce ƙirjinsa ne. Jarirai suna mutuwa a ɗakuna masu ɗumi ma, kuma ni ba likita ba ne. Ba ni da hujjar da zan ce sanyin ɗakin ne ya kashe shi, ko rashin ruwan zafi. Ba ni kuma da hujjar da zan ce ba shi ba ne, kuma na fi shekara ashirin ina nemanta.

Da mijin Kande ya dawo bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗaure kayansu suka koma Fatakwal. Na zaci Kaka za ta daina ba da labarin. Ba ta daina ba. Damina ta gaba ta ba mu shi kamar kullum, ta yi dariya a wurin da take yi. Abu ɗaya ne ya canja: ta ƙara zancen jirgin. "Ya kwance mata jirgi ya sake wa ruwa," in ji ta, "don mai wayo ba ya barin ƙofa a buɗe." Ta kuma riƙa ƙorafin cewa gari ya lalace, asuba ta yi ba mai zuwa gaishe ta. Ta rasu ina aji uku na sakandare, hannunta cikin nawa.

To wannan ne ke kaina da aka ce in rubuta tarihi. Ina koyarwa a Inugu lokacin. Na rubuta labarin yadda Kaka ta faɗa, da ƙwaryar da jirgin, sai na lura ban san sunan matar ba. Na ga bai dace malami ya rubuta rabin magana ba. Na yi tambaya aka ce Kande ta rasu, Talatu kuwa tana sayar da abinci a unguwar Mile 3 a Fatakwal. Na yi mako uku ina ɗaga tafiyar kafin na hau mota.

Ban sha wuyar samunta ba. Rumfa ce babba kusa da tasha, tukwane huɗu a kan itace, 'yan mata biyu suna zuba wa direbobi da 'yan okada shinkafa. Ta yi ƙiba, muryarta ta buɗe. Tana cewa wani, "Oga, shift small, you dey block my customer," sai idonta ya faɗo kaina.

"Haruna na gidan Iya," ta ce. "Har yanzu kana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai."

"Yaya Talatu, ina wuni. Ya bayan rabuwa? Ya haƙurin Inna?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Zauna. A zuba wa malam, a sa masa kifi, ɗan gidan kifi ne."

Na ci, ko da yake abincin bai wuce mini da daɗi ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen hanya, na yi zancen tsadar kaya. Daga baya na fito da takarduna na ce ƙungiya ce ta sa ni, kuma ina so in yi adalci, ina so in sa ɓangarensu. Na ce game da abin da ya faru kuma, ni yaro ne lokacin, na ɗauka gidan zai ƙone.

"Na sani," ta ce. "Ni ma na ɗauka. Ina ƙyastawa ina kalmar shahada." Ta tura itace cikin murhu da ƙafa. "Ka ga dai Fatakwal ba ta ƙone ba."

Na ce ta yafe mini.

"Wannan tsakaninka da Allah ne, ni ina da kwastoma. Me ka zo nema? Ba yafiya ta hau da kai mota tun daga Inugu ba."

Na ce sunan matar nake so. Na ce zan sa shi a shafin farko, kowa ya gani.

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "Muna da shi," ta ce. "Inna ta faɗa mini, na faɗa wa 'ya'yana. Kun karɓi wutarta, kun karɓi jirginta, kun karɓi tudunta. Shi kaɗai ne bai taɓa shiga gidanku ba, shi ne aka aiko mai digiri ya zo ɗauka? Ƙanena ko suna bai samu ba, Haruna. Rubuta abin da kakarka ta gaya maka. Ya isa, in za ka iya."

Ta ƙi karɓar kuɗin abincin. Ta ce baƙo ba ya biya.

Na kai rubutun taron ƙungiya a Anacha. Na karanta a tsaye. Da na kai wurin ƙwarya sai wani dattijo ya yi gyaran murya. Shugaba ya bari na gama, ya yaba Hausata, sannan ya ce, "Malam Haruna, wannan ai hirar tsofaffi ce ta bakin murhu. Littafin nan hakimi zai gani, 'yan majalisa za su gani, kuma muna neman a ɗaga darajar dagacinmu. Kana da takardar da ta nuna an zuba ruwa?"

Na ce ba ni da ita.

"Kana da sunan matar?"

Na ce ba ni da shi.

"To ka gani. Kai da ka yi jami'a ka fi mu sanin ba a rubuta abin da ba hujja."

Na ce ko za a bar layi ɗaya, a ce wasu na cewa an tarar da wata mata. Aka ce layi ɗaya shi ke jawo tambaya goma, kuma zuriyarta suna nan a gari, kada a ta da abin da ya kwanta. Na duba ɗakin, duk iyayena ne, wasu sun ɗauki gawar Kaka. Na ce to, wataƙila suna da gaskiya, zan sake dubawa. Abin da aka buga shi ne Jatau ya iso ya tarar da tudu ba kowa sai tsuntsaye, ya kunna wutar farko da hannunsa. Sunana yana ƙasa, da digirina a gefensa.

Na daɗe ina ɗaukar Kaka a matsayin muguwar cikin wannan labarin, ni kuma yaron da tsoro ya ruɗa. Yanzu ban tabbata ba. Ita ba ta taɓa ɓoye ƙwaryar ba. Ta faɗe ta a gaban jikokin mai ita da jikokin wadda aka cuta, da aka tuna mata jirgin ma ta ƙara shi. Mugunta ce, ban musa ba, amma muddin tana raye matar nan tana nan a kan tudunta, tana ihu tana cewa wurinta ne. Jatau ya bar ta da rai kwana tara, Kaka ta riƙe ta a baki shekara saba'in. Ni da ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ni na rubuta cewa ba a taɓa yin ta ba. Ina jin darasin da Kaka ta so in koya shi ne wayo. Abin da na koya shi ne mai wayo ba ya aiki shi kaɗai, yana bukatar mutum irina a kusa, mai gudun fitina, mai son a zauna lafiya.

Ban aika wa Talatu littafin ba. Reshen ƙungiya na Fatakwal ya raba wa duk ɗan gari, har da ita. Bayan kamar wata guda wayata ta yi ƙara ina ofishin malamai, lambar da ban sani ba. Ina jin hayaniyar tasha a bayanta.

"Malam Haruna, na ga aikinka."

Na fara cewa ba yadda na so ba ne, an matsa mini, ina tunanin in an sake bugawa zan gyara.

"A'a, kada ka damu," ta ce. "In akwai saura ka aiko mini da guda goma. Damina ce, itace ya jiƙe, takardar kuwa tana kamawa da wuri."